Ƙiba da ciwon daji: abin da kitse ke zubawa cikin jini

Jama'a, a Bonkuku da ƙasar Kurfai, mace in ta yi jiki sai a ce ta samu hutu, har wasu na shan maganin ƙiba. To, kitse ba zaune yake kawai ba, furotin yake zubawa cikin jini. Leftin na ƙaruwa in kitse ya yi yawa, yana ingiza ƙwayoyin jiki su yi ta hayayyafa. Adifonektin kuwa, mai taka musu birki, raguwa yake. Ta nan ciwon daji ke samun ƙofa.

A 2016, cibiyar binciken kansa ta OMS ta danganta ƙiba da kansa iri 13, har da ta mama, mahaifa da hanji.

Ƴan uwa na gida da na waje, a bar sayen maganin ƙiba. Wadda ta ji ƙullutu a mama, ta hanzarta zuwa likita.