Ambaliyar Rima da Masu Ƙin Tashi

Ƙofar Dundaye, ɗaya daga tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, ta ɗauko sunanta ne daga garin Dundaye da ke hayin gulbi, kusa da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tsakanin birni da wannan hayi fadamar Rima ce shimfiɗe, mai ba da shinkafa da albasa, kuma nan ruwa yake bi idan damina ta yi ƙarfi. A watan Satumba na 2010, bayan mamakon ruwan sama, ruwan dam ɗin Goronyo ya gangaro da ƙarfi, ya cinye gonaki dab da girbi, ya rusa gidajen ƙasa, ya raba dubban mutane da muhallinsu. Gadar hanyar jami'a ma bai bar ta ba, har dole aka rufe makarantar.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, akan ji masu faɗa a ji suna zargin talaka da taurin kai: an ce ya tashi, ya ƙi. Wannan zargi bai yi wa mutumin fadama adalci ba. Wanda aka ce ya bar gidansa, rumbunsa fa ake cewa ya bari, da awakinsa, da shinkafar da ya ci bashi ya noma. Ba a faɗa masa inda zai kwana ba, ba a ce ga mai gadin kayansa ba, kuma ya sha jin gargaɗin da ruwa bai biyo bayansa ba. Zamansa lissafi ne ya yi, ko da lissafin ya zo da kuskure. Mutanen da ake kira marasa kan gado su ne kuma suka fara ceton juna. A ambaliyar 2010, kafin sojoji su kafa gadar wucin gadi, masu kwale-kwale ne suka riƙa ƙetarar da jama'a, dangi da maƙwabta kuma suka buɗe zaurukansu ga waɗanda ruwa ya kora.

Wani zai ce ai tawakkali ne ya yi wa mutanenmu yawa, komai sai su ce ƙaddara. Amma manomin da ke cewa haka, shi ne yake cika buhuna da yashi yana tare bakin ƙofarsa tun da asuba. Imaninsa bai hana shi motsi ba. Wani kuma zai kawo batun masu tsawwala kuɗin fito ko na abinci a ranar wahala. Akwai su, kuma abin Allah wadai ne, sai dai da a ce su ne suka fi yawa, da asarar rayuka ta wuce abin da aka gani.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda gargaɗi yake isowa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kuma ita ke riƙe da ƙofofin Goronyo, dam ɗin da aka kammala a 1984. Amma sanarwar da ta ce "a yi hattara" kawai ba ta tayar da kowa. Manomin fadama yana bukatar ya ji daga bakin mai unguwarsa ko limaminsa cewa an saki ruwa, zai iso a lokaci kaza, ga makarantar da za a sauka, ga tudun da za a ɗaure dabbobi, ga samarin da za su kwana gadin rumbuna. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle ruwa ya shiga gari cikin dare, ta nuna har yanzu ba a gyara wannan giɓi ba, alhali ruwan Goronyo kafin ya kai Sakkwato yana ba da isasshen lokacin da za a buga waya gari-gari.