Sarauniyar Lugu a Idon Masu Kallonta

Malaman fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar cewa hukunci a kan abu reshe ne na tasawwurinsa, watau alƙali ba ya yanke magana sai ya suranta al'amarin a zuciyarsa kamar yadda yake. Amma abin da ya fi galaba a ɗabi'ar ɗan Adam shi ne ya taho da hukuncinsa tun daga gida, sa'an nan ya nemi surar da za ta dace da shi. Duk wanda ke son ganin haka a sarari, to, ya dubi yadda aka yi da labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa ta Dogondutsi.

A watan Afrilu na 1899 ne rundunar Faransa, wadda Voulet da Chanoine suke jagoranta zuwa Tafkin Cadi, ta iso Lugu, mutanen Sarauniya suka tare ta da kwari da baka, har aka ci garin da wuta, suka janye cikin sarƙaƙiyar daji. Hafsoshin da suka rubuta labarin ba su ga komai a wurinta ba face tsohuwar matsafiya mai taurin kai, alhali kuwa su ne waɗanda suka bar ƙauyuka toka tun daga bakin Kwara, suka kuma yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla a watan da ya biyo baya, kafin sojojin rundunar su juya wa Voulet da Chanoine baya a watan Yuli, bayan an kashe wani hafsan Faransa, Kanar Klobb, a Dankori. Da yawa daga maƙwabtanta Musulmi kuwa, sanin cewa ita shugabar Azna masu bin addinin gargajiya ce ya ishe su kau da kai. Ni kuma ina ganin saɓanin aƙida, komai girmansa, bai halatta wa mumini ya tauye wa mai haƙƙi haƙƙinsa na jarunta ba, domin adalci wajibi ne ko ga wanda ba a yarda da tafarkinsa ba.

Sai zamani ya juya. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kanta da Faransanci, a 1986 Med Hondo ya mai da shi fim, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Daga nan ƴan makaranta suka san ta a matsayin matashiya mayaƙiya mai tsayawa gaban maza a fagen fama, har aka raɗa wa gidan rediyo sunanta a Yamai. Wannan kyakkyawan zato ne, kuma ƙasar da ta fito daga mulkin mallaka tana da buƙatarsa, sai dai shi ma hijabi ne, tun da yake an ɗinka shi daidai da muradin mai kallo.

Mutanen Lugu, waɗanda ba a cika tambayarsu ba, wata sura suka riƙe daban. A wurinsu Sarauniya muƙami ne da bai yanke ba, mai riƙe da shi tana lulluɓe da farin zane, tana zaune a ɗakinta da mazari tana kaɗin auduga, ba ta fita yawo; in ta rasu, gawarta ce, a bisa makara, ake cewa tana nuna magajiyarta, abin da suke kira tarkama, Baura na Bagaji kuma shi ne takwaranta namiji. Husumar da ta gagara kuwa, wurin dutsen Tunguma suke kai ta.

Ba mu yarda dutse yana da ikon sanin gaibu ba, amma ya kamata mai basira ya lura da tsoron da ya haifi wannan al'ada, domin shi ne tsoron son zuciyar mai yanke hukunci, wanda shari'a ta yi wa magani ta wata hanya: ta ɗora bayyina a kan mai da'awa, rantsuwa a kan mai musu, ta wajabta tazkiyar shaidu kafin a karɓi maganarsu, ta kuma hana alƙali zama majalisar hukunci alhali yana cikin fushi.