Izinin da waya ba ta tambayar ka: yadda manhaja ke samun hanyar shiga intanet

'Yan'uwa da ɗalibai, duk mai riƙe da wayar Android ya saba ganin tambaya tana fitowa bayan ya sauke sabuwar manhaja: ka yarda ta yi amfani da kyamara? Ka yarda ta san wurin da kake? Amma babu wanda wayarsa ta taɓa tambayar sa ko ya yarda manhaja ta shiga intanet, alhali ta wannan ƙofa ce bayanansa ke fita.

Kowace manhajar Android tana ɗauke da wata takardar bayani a cikinta mai suna AndroidManifest.xml. A nan wanda ya ƙirƙire ta yake rubuta sunanta da sassanta da duk izinin da take buƙata. In yana son ta yi hulɗa da intanet, sai ya sa layi guda mai ɗauke da kalmomin android.permission.INTERNET. In bai sa shi ba, tsarin wayar zai hana ta buɗe hanyar sadarwa, ko da mega ya cika layin. Dalili kuwa shi ne Android tana ba kowace manhaja lambar shaida tata, ta killace ta a ɗakinta, ba ta taɓa komai a waje sai abin da aka rubuta mata.

To, wa ke amsa wannan roƙo? Kafin shekarar 2015, ana nuna wa mutum jerin izini lokacin saukewa, ko ya karɓa duka ko ya haƙura da manhajar. Da Android 6.0 ta fito a 2015, sai aka raba izini gida biyu. Akwai masu haɗari, irin su kyamara, makirfo, lambobin mutane, saƙonni da wurin da kake. Waɗannan sai an tambaye ka a lokacin da za a yi amfani da su, kuma kana iya janyewa daga baya. Akwai kuma na yau da kullum, waɗanda wayar ke bayarwa da kanta tun lokacin sakawa. Intanet yana cikin kashi na biyu. Wato rubuta layin nan kaɗai ya isa, ba a jiran amincewarka. A wayar iPhone ma ba a tambayar izinin intanet. Abin da aka ƙara a iOS 14, shekarar 2020, shi ne tambaya kafin manhaja ta leƙa na'urorin da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai.

Haɗarin yana bayyana ne idan izini biyu suka haɗu: ɗaya na tattara bayani, ɗaya na fitar da shi. A watan Disamba na 2013, hukumar FTC mai kula da kasuwanci a Amurka ta tuhumi kamfanin da ya yi manhajar tocila mai suna Brightest Flashlight Free da aika wurin da mutane suke da lambar shaidar na'urar wayoyinsu ga masu talla ba tare da ya bayyana musu ba. Me ya haɗa tocila da sanin unguwarku?

Misali na biyu ya fi kusa da mu. A watan Nuwamba na 2020, jaridar Motherboard ta ruwaito cewa bayanan wurin masu amfani da Muslim Pro, manhajar lokutan sallah da alƙibla, suna isa ga kamfanin X-Mode, wanda ke sayar da irin wannan bayani ga 'yan kwangilar sojojin Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja da bayanan kowa, suka kuma sanar da yanke hulɗa da X-Mode. Mutane sun ba da izinin wuri ne domin sanin lokacin Azahar, intanet kuwa ba a ma tambaye su ba.

Saboda haka tsaronka yana wajen abin da ka bari aka tattara. Lokutan sallah lissafi ne da ya dogara da rana da matsayin gari. In manhajar ta ba da dama, ka zaɓi Yamai ko Maraɗi ko Damagaram da hannunka, ka rufe izinin wuri. Kafin ka sauke komai daga Play Store, duba sashen bayanin manhajar, inda tun 2022 ake tilasta wa masu ita su faɗi irin bayanan da suke tattarawa. A saitunan waya, wato Paramètres ko Settings, akwai tsarin tsimin data da ya zo da Android 7.0 a 2016, wanda ke hana manhajoji shan mega a ɓoye sa'ad da ba ka buɗe su ba. Wasu wayoyin suna bari ka yanke wa manhaja guda intanet gaba ɗaya, mai iPhone kuma yana iya kashe mata datar layi.

A kula kuma da manhajojin da ake turawa ta Xender ko WhatsApp, domin ba su bi ta binciken shago ba, kuma ba ka san wanda ya taɓa su ba. Lambobin da ke cikin wayarka na iyayenka ne da malamanka da maƙwabtanka, amana ce a hannunka, ba su kuma ba ka izinin miƙa su ga kowa ba.

Allah Ya tsare mana sirrinmu, Ya sa mu dace.