Wa Ke Da Bakin Titi? Nazari Kan Dokar Fakin Da Tararta

Duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Kantin Kwari ko ta Singa a Kano da hantsi ya san yadda titi yake ƙanƙancewa ba tare da an rage masa kwalta ba. Sahun farko na masu tebur ne da masu baro. Na biyu na motocin 'yan kasuwa ne, waɗanda aka ajiye tun safe, kuma ba za a tashe su ba sai bayan la'asar. Na uku na 'yan Adaidaita Sahu ne da ke sauke fasinja suna ɗaukar wasu, ga babbar mota ta turje a gefe 'yan dako na sauke diloli. Ɗan siririn zirin da ya rage a tsakiya shi ne dubban ababen hawa za su kutsa ta ciki, kowa hannunsa a kan oda.

Maganin da gwamnatocin jihohi suka runguma cikin shekaru ashirin da 'yan kai shi ne kafa hukumomin kula da zirga-zirga nasu na kansu, daban da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya. Legas ce ta buɗe ƙofa da LASTMA a 2000. Kano ta kafa KAROTA a 2012, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu. Kaduna na da KASTLEA, wasu jihohin ma sun bi sahu. A cikin laifuffukan da waɗannan hukumomi ke kamawa, da wuya a sami wanda ya kai tsayawa ko ajiye mota a inda aka hana jawo cacar baki. Hukuncin sananne ne: a cire lambar mota, ko a kira janwe ta ja ta zuwa ofis, ko a kai direba gaban kotun tafi-da-gidanka, ƙarshen zance dai tara.

Me ya kawo mu nan? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce ababen hawa sun yi yawa, kuma haka ne. Amma a Kano akwai wata rana da ta sauya fuskar titi baki ɗaya. A Janairun 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana haya da babur. Matasan da ke cin abinci da acaɓa suka koma Adaidaita. Babur kan raɓe a gefe ya sauke mutum ba a ma lura ba. Mai ƙafa uku kuwa in ya tsaya sai ya cinye rabin hannu. Sana'ar kuma gaba ɗayanta a kan tsayawa aka gina ta, domin fasinja ba ya zuwa tasha, inda yake tsaye nan yake ɗaga hannu, inda ƙofar gidansu take nan yake cewa "akwai". Aka sauya abin hawa, ba a keɓe masa wurin tsayawa ba. Shekara goma sha da wani abu ke nan ana cin direba tara a kan abin da sana'arsa ba ta yiwuwa sai da shi.

Dalili na biyu ya fi wannan zurfi, kuma ba a cika son taɓa shi ba saboda masu hannu a ciki manya ne. Gini ne. Mutum zai tada bene mai hawa uku, shaguna sittin ko fiye, ya kawo bango har bakin kwalbati, bai bar wurin ajiye ko mota biyar ba. Dalilinsa a fili yake: filin da mota ɗaya za ta kwanta a kai ya isa a fitar da shago, shago kuwa kuɗin haya yake kawowa duk shekara. Su masu shagunan da masu sayayya a ina za su ajiye nasu motocin? A titi. Wato mai bene ya cinye nasa filin, ya haɗa da na jama'a, sannan ya koma gida ya kwanta, tarar kuma ta faɗa kan wanda ya zo sayen atamfa turmi biyu. Kowane irin wannan gini ko dai an ba shi takardar izini, ko an kau da kai har aka gama shi. Ko wanne ne, laifin ya faro ne daga teburin tsara birni, tun kafin ya iso hannun jami'in da ke tsaye cikin rana.

Sai kuɗi. Ba asiri ba ne jihohi na fafutukar ƙara kuɗin shiga na cikin gida, kuma hukumar da ke iya tsayar da mota a titi hukuma ce mai iya tara kuɗi kullum. A nan ne niyya biyu ke karo. Idan manufar tara ita ce a daina laifi, nasarar hukuma ita ce kuɗin tara ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Idan kuwa an sa tara cikin lissafin kasafi, raguwarta gazawa ce, kuma jami'in da ya hango direba zai tsaya a wurin da aka hana ba shi da dalilin ɗaga masa hannu ya wuce. Gara ya bari ya kashe mota tukuna. Yajin aikin da 'yan Adaidaita suka yi a Kano a farkon 2021 da kuma Janairun 2022 a kan haraji da kuɗin rajista ne, ba a kan fakin ba, amma ya nuna da wane ido direbobi ke kallon lamarin. A kwanakin yajin aikin mutanen gari sun sha tafiyar ƙasa.

Kada a ɗauka dokar ba ta tsinana komai ba. Wanda ya san Kano kafin 2012 ya san an sami sauyi a bakin danja da shataletale, kuma akwai titunan da a da tireloli ke kwana a kansu, yanzu ba su isa ba. Motar da aka bari a kan kwana, ko tankar da ta mutu da dare ba alama, ta kashe mutane da yawa a ƙasar nan. Matafiya hanyar Kaduna sun san abin da jerin manyan motoci a Tafa da Mararrabar Jos ya daɗe yana jawowa. Motar kashe gobara da ta maƙale a bakin kasuwa tana kallon hayaƙi ba ta da amfani ga kowa. Babu birni mai miliyoyin mutane da zai rayu kowa na tsayawa inda ya ga dama. Tambayar ita ce yadda ake aiwatarwa.

A wurare da dama direba ba ya sanin ya yi laifi sai an buɗe ƙofar motarsa an shigo. Babu allo, babu fenti a gefen kwalta, in ma an taɓa sa allon to rumfar mai shayi ta rufe shi. Wurin da aka bar mutane suna ajiye mota jiya, yau an kama, gobe kuma a sake kau da kai. Dokar da ba a ganinta da ido, ba a kuma san ranar da take aiki ba, takan rikiɗe ta zama ciniki. "Ranka ya daɗe, a duba dai." "To, ya za a yi?" Daga nan sai a sasanta a kan abin da bai kai kuɗin rasit ba, baitulmali bai samu ba, titi bai buɗe ba, direba kuma darasin da ya koya shi ne ya riƙa ajiye canji a aljihun gaba. Ba kowane jami'i ke haka ba, kuma da yawansu ƙananan ma'aikata ne masu ɗan abin hannu kaɗan, suna shan zagi, wani lokaci har duka. Amma tsarin da ya sa mutum ɗaya ya zama mai kamawa, mai yanke hukunci kuma mai iya yafewa a wuri guda, ya ɗora masa jarrabawar da ba kowa ke ci ba.

Nauyin kuma ba daidai yake sauka ba. Naira dubu goma a wurin mai shago a Kwari kuɗin cefane ne. A wurin ɗan Adaidaita da ke kai balas kowace yamma, ga tsadar fetur tun bayan cire tallafi a 2023, aikin kwana biyu ne ko uku, ban da wunin da zai ɓata yana bin sawun mashin ɗinsa. Motar da ke da baƙin gilashi da lambar gwamnati kuwa tana iya toshe hannu guda na awa biyu, ba mai ce mata kanzil. Mu ma sauran jama'a ba mu fita ba: wanda ya fi kowa kuka da gosulo shi ne zai kafa rumfa ya tare layi kwana uku ranar bikin 'yarsa.

Akwai kuma tambayar wa doka ta ba ikon karɓar kuɗin. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa tashoshin mota cikin ayyukan ƙananan hukumomi, dokar haraji ta 1998 da ta raba wa matakan gwamnati abin da kowa zai karɓa ma ta ambaci kuɗin ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a jerin na ƙaramar hukuma. Abuja ta ɗanɗani abin da ke faruwa in aka yi gaggawa. Hukumomin birnin sun ba kamfanoni kwangilar karɓar kuɗin fakin a bakin titi, yaransu suka riƙa garƙame tayar mota da ƙarfe ko su ja ta, mutane na kuka. A Afrilun 2014 babbar kotun birnin tarayya, ƙarƙashin Mai Shari'a Peter Affen, ta soke shirin, domin babu dokar da ta tsaya masa. An sake ƙulla wata yarjejeniya a 2023, sai ga shi a 2024 Ministan Abuja Nyesom Wike da kansa ya fito ya yi fatali da ita, yana ƙorafin cewa kamfanoni ne ke kwashe kaso mafi tsoka. Sau biyu ana farawa daga wa zai karɓi kuɗi, sau biyu abin na rushewa.

Ana yawan kafa hujja da Landan, cewa can ma ai tara ake ci, kuma mai zafi. Gaskiya ne. A manyan titunan da aka ja wa jan layi, tarar tsayawa fam 160 ce tun Janairun 2022. Amma a duba sauran labarin. Waɗannan tituna kashi 5 cikin ɗari ne kacal na titunan birnin, sai dai suna ɗaukar kusan kashi 30 na zirga-zirga, wato an zaɓi inda tsayawa ta fi cutarwa aka tsananta a nan. Layin a shafe yake a kan kwalta, ja biyu na nufin babu tsayawa ko da wane lokaci, ja ɗaya na nufin a karanta allo a ga sa'o'in. A jikin titunan an zana akwatunan sauke kaya da na ɗan tsayawa. Jami'i ba ya taɓa kuɗi. Takarda ce, wanda ya biya cikin kwana 14 a rage masa rabi, wanda bai yarda ba ya ɗaukaka ƙara gaban masu sauraro da ba sa ƙarƙashin hukumar da ta ci shi tarar. Rarar kuɗin fakin kuma doka ta iyakance abin da za a yi da ita, galibi harkar sufuri da tituna. A 2013 kotu ta yanke cewa ƙaramar hukumar Barnet ta saɓa doka da ta ƙara kuɗin izinin fakin don kawai ta tara kuɗi. Mu mun aro tarar, mun baro fentin da akwatin da kotun a can.

Wasu za su ce halinmu ne, ba mu jin magana sai da bulala. Akwai wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, suka yi da ya taɓa wannan. Jami'an diflomasiyya a Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York suna da kariya, ba a iya tilasta musu biyan tara, don haka tsakanin 1997 da 2002 suka tara takardun tarar fakin fiye da 150,000 ba su biya ba. In aka raba bisa kowane jami'i, na Kuwaiti ne kan gaba, sai Masar, Chadi da Sudan, yayin da na wasu ƙasashe irin su Norway da Sweden kusan ba su da ko ɗaya. To, hali na da tasiri. Amma a ƙarshen 2002 birnin ya fara ƙwace lambar diflomasiyya daga motar duk wanda ya tara bashin tara, nan take laifin ya faɗi da kusan kashi 98 cikin ɗari. Mutanen su ne dai, halinsu bai sauya cikin wata guda ba. Abin da ya sauya shi ne kowa ya tabbata hukuncin zai same shi, kuma babu wanda zai roƙa.

Shi ya sa nake ganin ƙara kuɗin tara, wanda shi ne abin da hukumomi suka fi saurin yi, ba zai buɗe titi ba. Farashin sasantawa kawai zai ɗaga. Abin da ya rage cunkoso a zahiri a wuraren da aka gwada shi ne samar wa mota wurin zuwa. Tsarin kiran manyan motoci ta intanet da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta fara a Apapa a 2021, duk da kura-kuransa, ya tsaya ne a kan cewa tirela ta jira a gareji har a kira ta, maimakon ta kwana a kan gada. Kano na iya yin irinsa a bakin kasuwanninta: a tsayar da sa'o'in sauke kaya, da asuba ko bayan isha, a yanka wa 'yan Adaidaita wuraren sauke fasinja a kan manyan tituna, kuma kada hukumar tsara birane ta jihar, KNUPDA, ta sake sa hannu a kan zanen bene mai shaguna da ba shi da wurin ajiye motoci.

Kira na ga majalisun dokokin jihohin da ke da irin waɗannan hukumomi shi ne su rubuta a doka cewa babu tarar fakin a titin da ba shi da allo ko fenti, babu biyan kuɗi a hannun jami'i, kuma kowace hukuma ta wallafa abin da ta tara a shekara da inda ya tafi.