Malamar Aji Ɗaya

A makarantun firamare na ƙasar Kazaure, da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Nijar, ba kasafai ake rububin aji ɗaya ba. Malami mai ji da kansa ya fi son aji shida, inda ake shirin jarrabawa. Ƙananan yara sai a bar wa sabon ɗauka, ko wadda aka ga tana da haƙuri. A ganina an juya abin, domin babu aikin da ya kai na aji ɗaya buƙatar gwaninta.

Gwanar wannan sana'a ba ta yarda da amshi. Idan ta rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo, aji duka zai ɗauka da murya ɗaya har a jiyo daga bakin titi, amma ta san rabinsu hadda suke yi. Sai ta kira yaro guda, ta ɗora tsinke a kan bo, ta tsallake zuwa be. Nan asiri ke tonuwa. Wani bai san baƙin ba sam. Wani ya san baƙi ya san wasali, haɗa su ne ya gagara. Wata kuma tana haɗa gaɓa lafiya lau, amma kafin ta kai ƙarshen kalma farkon ya gudu. Ciwo uku ke nan, kowanne da maganinsa, alhali a gida suna ɗaya ake kiran su da shi: daƙiƙi.

Kayan aikinta ba su da tsada. Alli ne, da kwali da ta yayyanka ta rubuta baƙaƙe, da murafun kwalba, sai rairayin tsakar makaranta. Yaron da b da d ke rikita shi, takan fitar da shi waje, ta kama yatsansa su ja sanda a ƙasa, sannan su yi mata tumbi, yau a dama, gobe a hagu, yana furta sautin yana zanawa. Sai ya zauna daram kafin ta kawo masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Tana kuma lura da abin da ba na ƙwaƙwalwa ba: mai ƙanƙance ido a dawo da shi gaba, mai ciwon kunne a aika wa iyayensa, ɗan Fulanin da ya tashi da Fillanci a rugarsu a ba shi lokaci kunnensa ya saba da Hausar aji.

An sha kawo tallafi daga waje. Shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya, wanda ya fara a 2008, ya yi aiki da hukumar SUBEB ta Jigawa wajen horar da malaman firamare. A Sakkwato da Bauchi an yi Mu Karanta, a Katsina da Zamfara an yi RANA, duka da Hausa. Kano kuwa ta gwada wata dabara da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa: a gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a raba su gwargwadon inda karatunsu ya tsaya, ba gwargwadon shekaru ko aji ba.

Duk wanda ya zauna gaban alaramma zai ce ai wannan tsohon zance ne. A makarantar allo kowane kolo da wurin da yake. Ana fara masa da babbaƙu, sai ya ƙware a shiga farfaru, kuma ba ya wanke allonsa sai ya biya malam ya gamsu. Ba a taɓa ƙara wa yaro karatu don shekara ta zagayo. Boko ce ke tura ɗalibi aji na gaba ko ya iya ko bai iya ba, har a iske ɗan aji huɗu yana kwafar rubutun allo tsaf, kyakkyawa, amma ko layi ɗaya ba zai karanta maka ba.

Abin da ke karya gwiwar malamar shi ne yawa da fashi. Alaramma yana da gardawa masu taya shi biyawa, ita kuwa ita kaɗai ce a ɗaki cike maƙil. Damina na sauka a kwashe maza zuwa gona, ranar kasuwa 'yan mata su tafi talla, wanda ya kama haɗa gaɓa a wannan mako ya dawo bayan girbi a sake daga farko. Shi ya sa masu dabara a cikin malamai suka ari tsarin tsangaya: su ware yaran da suka yi gaba, kowanne a ba shi ƙanne uku ko huɗu da murafun kwalba a gindin bishiya, malamar kuma ta zauna da waɗanda ko baƙi ɗaya bai shiga ba. Takardar NCE daga kwalejin Gumel ita ke ba ta aikin, amma wannan rabon aji yawanci a bakin aiki take koyon sa, wajen wata tsohuwar malama da ta riga ta.