Zaman Ƙaramin Manomi a Ƙasar Pauwa da na Takwaransa a Tsibiran Sikotlan

Wanda ya bar hanyar motar da ta tashi daga Funtuwa ta nufi Gusau ya ratse cikin ƙasar Faskari, ko ya bi ta Ƙanƙara ya yi yamma wajen iyakar Zamfara, ko kuwa ya gangara Sabuwa inda a ke maƙwabtaka da Birnin Gwari, zai riƙa tarad da ƙananan unguwoyi warwatse tsakanin duwatsu da daji, wata gida biyar, wata gida goma, kowace da rumbunanta da turken awakinta. Zaman mutanen waɗannan unguwoyi mu ke so mu duba yau. Ƙasar tsohuwa ce, har yanzu kuwa Sarkin Pauwa a ke ce wa Hakimin Ƙanƙara, amma ba safai a ke jin labarin talakanta ba sai in wata masifa ta auku.

Shekarar manomi a nan ta kan soma tun da bazara, sa'ad da zafi ya ke kan ganiyarsa. A yi sharar gona, a ƙone tushiya, a kwashe takin da ya taru a turke da juji a kai gona, da a mangala bisa jaki, yanzu kuwa galibi a amalanken shanu. Ruwan shuka na sauka kowa ya fita, babba da yaro, mai saran rami na gaba, mai zuba iri na biye yana rufewa da diddige. Daga nan babu sauran hutu. Firi ya biyo, maimai ya biyo, a yi huɗa, kāna a zuba ido ga ikon Allah. A gidan da gandu bai watse ba, maigida da 'ya'yansa da ƙannensa su kan yi aikin gandu tun da safe har azahar, a kawo musu fura gona, in rana ta yi sanyi kowa ya juya ga gayaunarsa. Daga gandu a ke ci, daga gare shi a ke yi wa saurayi aure. Abin da gayauna ta bayar kuwa na mai ita ne.

Mata ba su zauna ba. Surfe da daka da ɗiban ruwa nasu ne, su ne masu tuyar ƙuli-ƙuli da dafa kalwa a yi daddawa, kuma yawancin awaki da kajin gida dukiyarsu ce. Akuyar nan da a ke rainawa, ita ce asusun gidan. In yaro ya kwanta ciwo cikin watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ita a ke ja zuwa kasuwa.

Auduga ce ta fara kawo wa ƙasar kuɗi masu kauri. Tun cikin shekarun 1920 aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, ga injin gurza a Funtuwa, ga jirgin ƙasa. A 1975 aka kafa shirin raya noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, shi ya yaɗa masara da takin zamani, har masara ta ture dawa daga gonaki da yawa. Da aka rushe hukumar cinikin auduga a 1986, sai manomi ya koma yana ciniki da duk wanda ya zo masa da mudu ko sikeli. Duk da haka gona kaɗai ba ta taɓa riƙe gida ba. Kaka na wucewa, wani ya kama saƙar zana, wani ƙira, wani ya gangara fadama ya yi lambu, samari kuwa su tafi cin rani Kano ko Kaduna ko Ikko.

To, abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, can arewa maso yammacin ƙasar Biritaniya, cikin tsibiran Sikotlan irin su Luwis da Haris da Sikai, akwai mutane masu zama shigen wannan. Turawa ne, amma ba irin waɗanda muka saba gani a ofis ba. Da yawansu suna da harshen kansu dabam da Turanci, watau Galik. Kowane gida yana riƙe da 'yar gona wadda su ke kira kuraf, galibi kamar eka 12, wasu ma ba su kai haka ba, kuma irin waɗannan gonaki sun kai wajen 20,000 a ƙasar. Ƙasarsu duwatsu ce da fadama mai tsami, iska ba ta barin itace ya girma. Dankalin Turawa su ke shukawa da ɗan hatsin dabbobi, ƙarfinsu duka a kan tumaki ya ke. Maimakon kashin shanu, ciyawar da teku ya ke watsowa gaɓa su kan kwasa su yi taki. Maimakon itacen girki, akwai wata baƙar ƙasa da ta samu daga ruɓaɓɓen ciyayi, su kan yanka ta kamar tubali wajen watan Mayu, su shanya, su tara a bayan ɗaki domin hunturu, ko da ya ke yanzu gidaje da yawa sun koma ga mai da lantarki. Wannan aiki maƙwabta kan taru su yi wa juna, ba shi da wani bambanci da gayyarmu sai dai babu kalangu. Da hunturu ranarsu ba ta cika awa 7 ba. Su ma gonar ba ta isarsu, saboda haka wani masunci ne, wani direba, wani kuwa masaƙi, yana saƙa ulun nan mai suna Harris Tweed a cikin gidansa, don doka ta ce in ba a gidan ɗan tsibiri aka saƙa shi da hannu ba, ba za a buga masa hatimi ba.

Ba don nishaɗi kaɗai muka kawo labarinsu ba. Waɗannan mutane sun ɗanɗani tashi daga gona. Tun daga ƙarshen ƙarni na 18 har tsakiyar na 19, masu ƙasa suka riƙa korarsu daga kwaruruka masu albarka don su zuba tumaki, dubbai suka ƙetare teku zuwa Kanada da Ostareliya. A 1882 mutanen wani yanki na Sikai suka yi arangama da 'yan sanda a kan wurin kiwon da aka karɓe musu. Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike a 1883, ya zaga yana jin ta bakin talakawa, a 1886 kuwa Majalisa ta yi dokar da ta ce ba mai tā da manomi daga gonarsa muddin yana biyan haya yana kuma aikinta, hayar ma sai wadda hukuma ta ga ta dace, in ya mutu magajinsa ya ci gaba.

Abin da ya fi jan hankalinmu cikin shirinsu shi ne sha'anin makiyaya. Kowane ƙauye yana da dajin kiwo na tarayya. Masu haƙƙi a ciki su kan zaɓi kwamiti, kwamitin yana da akawunsa, a rubuce kuma a ke da adadin shanu da tumakin da kowane gida zai saka. Wanda ya zarce, littafi zai kama shi. Mu ma ai muna da makiyaya da burtali da mashaya, har Gwamnatin Jihar Arewa ta yi musu doka a 1965. Amma nawa ne aka auna aka kafa musu alama? Jama'a ta ƙaru, kowa ya ɗan ci kunya biyu uku daga burtali, mai unguwa ya kau da kai, har hanyar da garke ke bi ta koma ta ɗan akuya. Da can Bafillace ya kan sauka a gonar manomi da rani, shanu su ci kara su bar taki, a rabu ana godiya. Ba mu ce toshe burtali kaɗai ya haifi ta'adin da a ke ciki ba, gama akwai satar shanu da yawon makamai da rashin shari'ar gaskiya, amma duk dattijon ƙasar ya san nan ne ɓaraka ta fara.

Sauran labarin sananne ne. A watan Yuni na 2020 aka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari aka kashe mutane masu yawa. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe 'yan makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana 6 aka sako 344. A 2021 Gwamnati ta rufe kasuwannin dabbobi, aka yanke wayar tarho a ƙananan hukumomi da dama, har da ukun nan. A 2023 aka kafa rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wurare dabam dabam. Cikin waɗannan shekaru unguwoyi da yawa sun tashi, mutanensu suka tare a Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa, wasu suka bar gonakin nesa suka tsaya ga na bakin gari.

Unguwa kuwa ba sai an ƙone ta ta ke mutuwa ba. Akwai wani tsibiri can cikin teku mai suna San Kilda, wanda mutane suka zauna shekaru aru-aru. Samari suka yi ta fita ɗaya ɗaya, har aka rasa isassun hannuwan da za su tuƙa kwalekwale su hau duwatsu kamun tsuntsu. A watan Agusta na 1930 mutum 36 da suka rage aka kwashe su, bisa roƙonsu, ba su kuwa sake komawa da zama ba. Haka unguwar da ba ta iya tara gayya, ba ta iya yashe rijiya, ba ta da samarin da za su ɗauki gawa, ko an ce lafiya ta samu, komawa za ta yi wuya.

A nan ne aikin ya faɗo kan masu alƙalami. A zamanin En'e, littafin haraji ya kan nuna kowane maigida da unguwarsa. Tun da aka soke haraji a 1979, lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, ba a sami wani littafi da ya maye gurbinsa sosai ba. Ga shi dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar riƙon gonakin karkara, amma ƙaramin manomi bai cika neman takarda ba, shaidarsa ita ce gamba da aduwar kan iyaka da bakin dattawa. Gonar da ta yi damina huɗu ba a taɓa ba, iyakarta ta kan ɓace cikin sabara, dattawan ma wasu sun rasu a gudun hijira. Akwai wadda aka ba da aro, akwai wadda aka jinginar don a fanshi ɗan'uwa daga daji, duk da baki. Muna ganin ya kamata akawunan ƙananan hukumomi su zauna da dagatai da masu unguwanni tun yanzu, a rubuta sunan kowace unguwa da ta tashi, da masu gonakinta, da wanda ke riƙe da aro ko jingina da shaidunsa, a bi burtali da ardo da sarkin noma tare a kafa alama. Malaman makaranta kuwa suna da rajistar yaran da suka zo musu daga waɗannan unguwoyi, sai su ƙara layi guda su rubuta inda kowane yaro ya fito da sunan mahaifinsa, su aika wa ofishin hakimi kwafi kafin ruwan shuka ya sauka.