Yadda ake zaɓen takalmin ƙwallo don filayen Jazira da Blue Nile

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da Blue Nile a Sudan, daga kewayen Wad Madani zuwa Maiurno da Damazin, yawancin matasa a kan baƙar ƙasar laka suke buga ƙwallo. Da rani ƙasar tana bushewa ta tsattsage kamar dutse, da damina kuma ta koma taɓo mai santsi. Saboda haka mai sayen takalmi ya fara duba ƙasansa kafin launinsa.

Takalmi mai dogayen haƙoran ƙarfe, wanda ake rubuta wa SG, don jiƙaƙƙiyar ciyawa aka yi shi. A busasshen fili haƙoran ba sa nutsewa, sai ƙafa ta gurɗe, a samu targaɗe ko ciwon gwiwa. Mai gajerun haƙoran roba masu yawa, wato TF, shi ya fi dacewa da rani.

Awo kuwa da yamma ake yi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da za a yi wasa da ita. A gwada ƙafa biyu a tsaye. A bar kamar santimita 1 a gaban babban yatsa, dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa. Fata tana ɗan buɗewa, roba ba ta cika buɗewa ba.

Iyaye kan sayo wa yaro babban takalmi don ya daɗe yana sawa, amma ƙafa tana zamewa a ciki ta yi bororo. In gwanjo ne, a lanƙwasa ƙasansa a duba tsagewa kafin a biya.